Kujera da jakunkunan tsohon babur ɗin Baba: a gyara su ko a sake sabbi?

Dan_Kakuri75:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah shawara nake nema wajen masu sani. Akwai babur ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Honda CD175 ne, ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, lokacin yana aikin reluwe. Tun da ƙafa ta matsa masa ya daina hawa aka jingine shi a ɗakin shirgi, ya fi shekara ashirin a wurin, sai bana da muka zo canza kwanon ɗakin na turo shi waje. Bakanike ya duba inji ya ce zai tashi ba wata matsala. Ni damuwata kujerar ce da jakunkunan nan guda biyu na gefe. Kujerar ta tsage tun daga tsakiya, soson ciki ya zama gari kana taɓawa yana zuba kamar garin kwaki, su kuma jakunkunan sun bushe ƙamas sun yi fumfuna fari-fari, gindin ɗaya ya farke, maɗaurin ɗayar ya tsinke. Na kai wa wani mai kushin ya ce in watsar da komai ya yi min sabo da leda mai ƙyalli, ni kuma raina bai ba ni ba, don a cikin jakar nan ta dama Baba yake sako mana tsire da burodi ranar albashi. To fatar da ta shekara hamsin tana dawowa kuwa? Kuma wane mai ake shafa mata?

abba_rigasa:
wslm Allah ya jikan baba. yaya ka samu bakin mai na inji ka shafe su dashi sosai ka shanya a rana kwana biyu wlh zasu yi laushi kamar yau aka dinka, haka muke yiwa takalmin kwallo

Baduku_TWada:
Subhanallahi. Ɗan Kakuri kar ka kuskura ka bi maganar yaron nan. Baƙin mai da rana ai su ne manyan maƙiyan fata, ka haɗa mata su biyun ka gama da ita kenan. Za ta yi maka laushin ƙarya na sati biyu daga baya ta riƙa yagewa kamar jiƙaƙƙen kwali, warin kuma ba zai fita ba har abada, duk abin da ka sa a jakar sai ya ɗauka. Ni dukanci gadonsa na yi ba shigar rana ɗaya ba. Bar maganar mai tukuna. Ka fitar da su inuwa inda iska ke kaɗawa, ka sami burushi mai taushi, tsohon burushin haƙori ma ya isa, ka kakkaɓe fumfunar a tsakar gida ba cikin ɗaki ba don kar ku shaƙa. Sannan ka sa farce ka ɗan kankari wani lungu can ciki inda ba a gani. In ka ga tana zubar da jan gari kamar garin jan bulo yana kama maka yatsa, to wannan ta riga ta mutu, babu man da zai tashe ta. In kuwa bushewa ce kawai to da sauran numfashinta. Yi haka ka dawo ka faɗa mana.

abba_rigasa:
baba ayi hakuri ni dai abinda naga anayi na fada

MaiKushin_OriApata:
Ku ɗan tsaya, kafin a yi nisa. Malam kujerar nan taka ba fata ba ce fa, leda ce. Honda da Yamaha da Suzuki na wancan zamanin duk da leda suka zo daga kamfani, na kwance irinsu ban san iyaka ba. Ka ɗaga wurin da ya tsage ka leƙa bayansa, za ka ga yadi manne kamar na singileti. In kana so ka ƙara tabbatarwa ka yanki ɗan ƙyalle ka ƙyasta masa ashana, leda narkewa take tana baƙin hayaƙi da warin roba, fata kuwa ƙauri take irin na babbakar kan rago ranar Sallah. Mu ne muka rikita abin tun farko, shi Bature in ya ce leda fata yake nufi, mu kuma muka ɗauki sunan muka liƙa wa roba har da ta ƙulla koko. Saboda haka wancan abokin sana'ar tawa bai yi ƙarya ba a kan kujera, a kan jakunkuna ne ya yi kuskure. Abu biyu ne daban, kar a haɗa musu magani ɗaya.

Dan_Kakuri75:
Ikon Allah. Na je na ɗaga yanzu, wallahi yadi ne a bayanta. Tun ina yaro nake cewa kujerar fata ce har gardama na sha yi a kai. Baba Baduku na kankari jakunkunan kamar yadda kuka ce, babu jan gari sai a bakin marfin ta hagu kaɗan, wurin da yake lanƙwashewa, sauran dai tauri ne kawai kamar ƙirgin da aka manta a rana.

Alhaji_Malali:
To tunda dai dole a sake rufin kujerar ai sai a yi mai gaba ɗaya, a sa mata fata ta gaske ta dace da jakunkunan. Mu da muke ƙasar fata a ce mun rasa abin rufe kujerar babur sai robar China? Ka samu jar fata mai kyau a yi mata ɗinkin hannu, in ka faka a bakin masallacin Sultan Bello ranar Juma'a sai an zagaye shi ana kallo. Ni in nawa ne haka zan yi ko nawa ne kuɗin.

MaiKushin_OriApata:
Ranka ya daɗe ni kuɗi zan samu in ya zaɓi fata, amma gaskiya ɗaya ce. Babur ba falo ba ne. Ruwan Agustan Kaduna in ya sauka a kan fata shanyewa take, ya bi ramukan ɗinki ya shiga soso, rana ta fito ka zauna ruwan ya dawo maka ta wando. Hunturu ya zo kuma ta bushe ta tsattsage. Sai mutumin da zai riƙa yi mata hidima kamar doki. Kuma in asali ake nema ai ledar ita ce asalin, baƙa mai layi-layi a sama da rubutun HONDA a ƙeya. Kar dai a yar da tsohon rufin, shi ne za a farke a shimfiɗa a fitar da zanen sabon da shi.

Maman_Ilham:
Alhaji da dai kun bar maganar jar fatar nan, ni ganau ce. Maigidana ya taɓa yi wa Vespa ɗinsa irin wannan kwalliyar, jar fatar akuya har da zane a gefe, yana ta fankama da ita a unguwa. Ranar ɗaurin auren ƙaninsa a Kawo ya sha farar shadda sabuwa dal ya hau, an ɗan yi yayyafi da safe ga kuma zufa, yana sauka abokansa suka fara kallon bayansa suna sunkuyar da kai babu mai iya gaya masa. Jan nan ya zauna masa a mazaunai taswira guda har da layin ɗinkin. Haka aka yi hotuna yana manne da bango. Na jiƙa shaddar nan kwana uku bai fita ba, ƙarshe rini aka kai ta ta koma ruwan ƙasa. Har yau in ana so a tsokane shi a gidansu sai a ce ina mai jan sirdi.

abba_rigasa:
hhhh anti kin kasheni wlh, mai jan sirdi

Malam_Samaru:
Abin da ya sami mijin Maman Ilham ba laifin fata ba ne, rini ne. Jan nan na gargajiya da karan dafi ake yi, kuma in ba a tsayar da shi da kyau ba an rufe shi, ruwa da gumi suna tayar da shi. Na yi karatu a makarantar fata ta nan Samaru, NILEST, wadda a da ake ce wa CHELTECH, bari in ɗan ƙara wani abu da zai amfane ka. Jima iri biyu ce babba. Akwai tamu ta majema da ake yi da bagaruwa, fatar tana fitowa ruwan ƙasa-ƙasa, tana da jiki, tana riƙe siffa, amma tana shan ruwa. Akwai ta kamfani irin na Challawa da Sharaɗa a Kano da ake yi da gishirin kurom, ita kuma in ka yanka ka dubi bakin yankan sau da yawa za ka ga tsakiyar shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ta fi laushi ta fi jure ruwa da zafi. In har dole sai an yi kujerar da fata to ta kurom ce ta saniya mai kaurin milimita 1 ko sama kaɗan, ba ta akuya ba. Jaka kuwa ƙirgin bagaruwa ne nata, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, kuma na tabbata irinsa ne a jakunkunan Baba tunda har yanzu suna tsaye. Jan garin da ka gani a bakin marfi ciwon fatar bagaruwa ne in ta tsufa, ba ya warkewa, sai dai a yi wa wurin faci ta ciki. Abu na ƙarshe, ka duba kewayen kusoshi da bakol ɗin, in na ƙarfe ne za ka ga fatar ta yi baƙi a wurin. Ƙarfe da bagaruwa in suka haɗu da laima baƙi suke bayarwa, shi ne ma sirrin kuloko da dukawa ke baƙanta fata da shi. In za a canza a sa na tagulla.

Dan_Kurmi_Kano:
Duk wannan dogon turancin na Zage-zagi ne, ka sako jakunkunan a mota kawai ka kawo su Kano, daga majemar Ƙofar Wambai zuwa Kurmi babu abin da za ka nema na fata ka rasa. Tun kafin a haifi Kaduna muke tura fata ta hamada har Turawa suna ce mata fatar Maroko alhali jar akuyar Sakkwato ce da aikin hannun mutanenmu. Ku dai ku tsaya a karatun mu mu yi aikin.

DanBarga_Zazzau:
Kai bawa, wa ya sa da kai? Ɗan Kakuri ka saurare ni, mu da muke kwana da kayan doki mun san halin tsohon fata. Akwai linzami da majanyin sirdi a gidanmu tun na kakanmu har yau da su ake hawan Daushe. Sirrin kawai kar ka lanƙwasa fatan yana bushe, jakan nan da ka ce ya yi tauri kar ka ce za ka buɗe marfin da ƙarfi don ka ga ciki, karyewa zai yi kamar ƙosai ya kwana. A hankali ake lallashinsa, yau kaɗan gobe kaɗan. Kuma bayan hawa ba ma ajiye kaya a leda ko a ƙasa, ratayewa ake yi inda iska ke shiga.

Dan_Kurmi_Kano:
Ubangidanka dai. Ka fara gyara "jakan" ya koma "jakar" tukuna sannan ka zo ka koya wa mutane gyaran jaka. Fatan, jakan, matan ya zo.

Baba_MaiRitaya:
Kun tuna min da zamani. Yaro Allah ya jiƙan mahaifinka, wataƙila ma mun sha haɗuwa a hanya. Lokacin da gwamnatin Gowon ta biya ariyas ɗin Udoji a farkon 1975 garin nan rikicewa ya yi, masinja ma sai ka ga ya turo sabon babur ko rediyo mai kaset, ma'aikatan masaƙun Kakuri su ma suka ce sai an ba su nasu. Ni Suzuki 100 na saya don kuɗina bai kai na CD ba, ita CD ai ta manya ce, silinda biyu salansa biyu, in ta taho ba ta da hayaniya sai wani gurnani a hankali. Kuma gaskiyar mai kushin ne, ba su zo da jaka ba, mutum ne ke zuwa wajen dukawa a auna masa a ɗinka, shi ya sa ba za ka ga guda biyu iri ɗaya ba. Mu mangala muke ce musu don tsokana, kamar ta jaki. Abin da na sani da sirdin fata na gaske daga kamfani shi ne keken Rale, wannan kam fata ce mai kauri da kusoshi a baya, in ka hau shekara guda sai ta ɗauki siffar mazaunanka wani ya hau ya ji ba daɗi. Ka riƙe jakunkunan nan, da tsohuwar zuma ake magani.

sani_mando:
baba ai ko yanzu yaso a dinka sababbi irinsu sai ya shirya, kirgi yayi tsada saboda duk mun cinye shi a ganda. fatar sa tana fita daga kwata masu babbaka sun rigaya majema, ni kaina jiya da ita naci tuwo bazan boye ba

Admin_Usman:
Jama'a a dawo kan tambaya don Allah, daga gyaran jaka an koma ganda da faɗan Kano da Zariya. Mutum yana jiran a gaya masa man da zai shafa har yanzu ba a faɗa ba.

MaiWalda_Panteka:
Kafin mai, ni ta ɓangarena zan yi magana don kowa yana ta rufi rufi ba wanda ya tambayi farantin ƙasa. Kujerun da ba irin na yanzu ba ne masu gindin roba da ake harba wa fin, nasu farantin ƙarfe ne, a gefensa ta ciki akwai wasu 'yan haƙora masu tsini a jere, su ake huda ledar da su a lanƙwasa su riƙe ta. Soso in ya sha ruwa shekara da shekaru farantin ne ke ci, sai ka cire rufi ka tarar haƙoran rabi sun zube sauran kana ɗaga su suna karyewa. Oga ka kifa kujerar ka ƙwanƙwasa da sukuddireba, in ya huda to sai an yi faci. A kankare tsatsar tas, a yi walda inda ya ɓule, a shafa jan fenti na maganin tsatsa sannan baƙi, ya bushe sosai kafin soso ya hau. Haƙoran kuma a ɗaga su sau ɗaya a hankali ba a yi ta wasa da su ba. Sannan ƙarfen da ke tare jakunkunan kar su shiga taya ko su kwanta kan salansa yana nan? In babu ka kawo a lanƙwasa maka, don duk wahalar da za ka sha zafin salansa zai gasa gindin jakar a tafiya ɗaya zuwa Zariya.

Baduku_TWada:
To alhamdulillahi tunda jan garin bai bazu ba. Admin ka yi haƙuri ga maganar mai. Bayan ka kakkaɓe, ka haɗa ruwan kal da ruwa daidai wa daida, ka tsoma tsumma ka matse shi sosai ya zama danshi kawai, ka goge ciki da waje, shi zai kashe fumfunar. Ka bar su a inuwa su sha iska, ka cusa musu tsummokara ko takarda a ciki don su riƙe siffarsu. Kafin su gama bushewa ƙarau, suna da ɗan sanyi-sanyi, sai ka ɗauko man kaɗe mai kyau wanda ba a gauraya ba, ka lakato kamar ƙwayar gyaɗa ka murza a tafin hannu ya narke, ka bi fatar da hannunka kana zagayawa. Kaɗan fa. Ka bari ya kwana ya shige, gobe ka ƙara, haka har kwana huɗu ko biyar kana ɗan motsa marfin kamar yadda Bazazzagin can ya ce. Daga ƙarshe ka narka kakin zuma da ɗan man kaɗen ka shafa sama-sama ka goge da tsumma, shi ne zai tare ruwa. Kuma ka fara gwadawa a bayan jakar inda ke jingina da babur, don duk man da ka sa sai ta ƙara duhu.
Ɗinki kuma kar ka bari a sa ta a keke. Allurar keke sabbin ramuka za ta huda a tsakanin tsofaffin, fatar ta zama kamar takardar rasit mai layin yagewa. Da hannu ake yi, a tsince ruɓaɓɓen zaren duka, a bi tsofaffin ramukan da allura biyu ɗaya ta nan ɗaya ta can suna saɓawa a rami guda, da zare mai kaki. Irin wannan ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe. Basilla ma ba a huda sabo da ita sai dai a buɗe ramin da ya toshe. Aikin yini biyu ne a gindin jaka ɗaya in ana so ya yi kyau, duk wanda ya ce maka zauna ka jira yanzu zan gama to karɓi kayanka ka tafi.

sani_mando:
amma baba naga majema da kansu man gyada suke shafawa fata in sun gama jima, meyasa shi ba zai sa ba tunda yafi sauki

Baduku_TWada:
Gaskiya ne suna sawa, amma sabuwar fata ce da ta fito daga ruwan bagaruwa, kuma su sun san awonsa. Tsohuwa mai ƙishirwa in ka ba ta mai ruwa-ruwa zuƙewa take har ya yi mata yawa ta saki jiki, jakar da ke tsaye ta koma kamar burgami. Ga shi yana yin ɗoyi in ya daɗe. Man shanu ma haka, manja kuwa kar ma a fara.

Ummi_Barnawa:
Ga ɓera kuma. Gafakar Alƙur'anin kakanmu wani ƙanina ya shafe ta da man shanu wai yana gyara, kwana uku ɓeraye suka cinye kusurwa guda. Gyaran gangar Auzinawa kenan.

Malam_Samaru:
Na yarda da Baba Baduku, sai dai kakin zuman kar ya yi yawa don yana kama ƙura, mu kuma ga hunturu. Turawa suna da wani mai da suke fitarwa daga ƙashin ƙafar saniya musamman don sirdi da linzami, da sabulun wanke sirdi, in an samu suna da kyau, amma shi ma dokarsa ɗaya ce, kaɗan kaɗan. Abin da zan ƙara shi ne maganar maɗauri. Duk abin da zai ɗauki nauyi a kan titi ni ban yarda a bar tsoho ba ko da ya yi laushi, ƙarfinsa ya riga ya tafi.

Kabiru_Dillali:
Maigida duk wannan wahalar ta mece ce, ka faɗi kuɗinsa yadda yake da jakunkunan da komai, ina da mai so a Abuja. Duba inbox.

Dan_Kakuri75:
Malam Kabiru na gode amma ba na sayarwa ba ne, ko na so ma Hajiyarmu ba za ta bari ba.

Dan_Kakuri75:
Salam, na dawo da rahoto bayan kwana shida. Na bi yadda Baba Baduku ya ce, fumfuna ta tafi, ta dama ta yi kyau sosai har wani zane ya fito a marfin da ban taɓa lura da shi ba, 'yan ɗige-ɗige da aka buga da ƙarfe a jere kamar dagi. Da marfin ya saki na buɗe, a ƙaramin aljihun ciki na tarar da fulogi guda biyu naɗe a yagaggen shafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, takardar ta yi ja tana karyewa, da ɗan sifana lamba 10 da ya ɗaure da robar tayar keke. Wallahi sai da na zauna a ƙasa na ɗan jima. Amma fa na yi ɓarna, ta hagun ce na ga kamar ba ta shan man da sauri, daren na uku na gaji na lafta mata da yawa na ce ta sha ta ƙoshi, yanzu ta fi 'yar uwarta duhu sosai kuma tana ɗan danƙo a hannu. Farantin kujera kuma Oga mai walda ka yi gaskiya, sukuddireba ya shige ta baya wajen da ke kan madigadi, haƙora bakwai ne kawai suka rage a gefe ɗaya. Yanzu ya zan yi da ta hagun? In ƙara wa ta daman mai su yi daidai?

Zainab_Kakuri:
Yaya ashe nan kake ta shawara. Hajiya ta ce in gaya maka tabon nan na gindin jakar dama kar a kankare shi kar a rufe, wai na ranar da Baba ya ɗauko manja daga Kafanchan ne galan ya fashe, ta ce sati guda suna faɗa a kai. Kuma ta ce fulogin a kawo mata ta gani.

Baduku_TWada:
A'a a'a kar ka ƙara wa ta daman komai, garin neman gira kar a rasa ido. Ai na ce maka kaɗan, amma ba kai ne farau ba kowa sai ya yi wannan. Ka sami tsumma busasshe na auduga ka yi ta goge ta hagun, sannan ka naɗe ta da takarda mara rubutu ka cusa wata a ciki ka ajiye a ɗaki mai ɗumi ba rana ba, kullum ka canza takardar za ka ga tana tsotse man. Ba za ta koma daidai da ɗayar ba amma za ta sauko, kuma in aka fara hawa iska da hasken gari za su rage tazarar. Malam na Samaru maganarka ta maɗauri na karɓa rabi, a yanka sabo a sa a ƙasa ya ɗauki nauyin, tsohon a ɗora shi a sama a ɗinke su tare ido ya riƙa ganin na Baba. Ka kawo min su Tudun Wada ranar Asabar bayan azahar in gani da idona, ka biyo ni ta inbox in yi maka kwatance.

Alhaji_Malali:
Yanzu da jakunkunan suka yi kyau haka a ce za a ɗora musu baƙar leda mai ƙyalli a tsakiya? Wallahi ba za su dace ba. Malam ya ce akwai ta kurom mai jure ruwa, a nemo ruwan ƙasa mai duhu mana.

MaiKushin_OriApata:
Alhaji ai haka mai babur ɗin ya hau shi shekara da shekaru, baƙar leda a tsakiya fata a gefe, kuma akwai leda mara ƙyalli ba sai mai walƙiyar nan ba. Ko wacce ya zaɓa dai a sa soso mai tauri a ƙasa mai laushi siriri a sama, a lulluɓe shi da farar leda kafin rufi ya hau saboda ruwa. Amma duk wannan sai mai walda ya gama nasa, ba inda zan maƙala rufi a haƙora bakwai.

Maman_Ilham:
In dai fatar za a sa to ranar gwaji a sa baƙin wando.

Dan_Kakuri75:
Toh Asabar in sha Allah ina Tudun Wada, Litinin in kai farantin Panteka. Maganar rufi kuma na tambayi Hajiya ta ce ita ba ruwanta da kujera tunda ko da can ba ta taɓa jin daɗin zama a kanta ba. Oga mai walda, haƙoran nan ana iya yanka sababbi a yi musu walda ko sai dai a koma ribit?

abba_rigasa:
baba baduku dan Allah takalmin kwallon nawa dana riga na shafawa bakin mai fa, akwai yadda za ayi ko shikenan